Don Allah a Daina Cewa "Ai Haƙori Ne"

Tun da damina ta kankama, babu makon da zai wuce ban karɓi yaro mai zawo a ɗan asibitinmu ba. Yawansu bai dame ni kamar lokacin da ake kawo su ba. Sai yaro ya kwana uku ko huɗu yana tsuga, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, in ka ja fatar cikinsa ka saki sai ta tsaya ta ƙi komawa. In na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki zuwa tun shekaranjiya?" amsar ɗaya ce kullum: "Malama, ai haƙori ne."

Haƙori! Wallahi na gaji da jin wannan kalma.

A kwanakin baya aka shigo da wata yarinya 'yar wata takwas, an rataya mata laya a wuya, an shafe tsakiyar kanta da wani haɗi baƙi don maɗiga ta taso. Ko kuka ba ta iya yi, sai buɗe baki kawai, leɓe a bushe. Uwar ta so kawo ta tun ranar farko, kakar ce ta ce duk 'ya'yanta haka suka yi haƙori. Allah Ya sa muka samu ta sha, ta farfaɗo. Amma sai da na zaunar da kakar na ce, "Iya, na san ƙauna ce ta sa, kuma kin riga mu sanin raino. To amma wannan jikar taki ruwan jikinta ne ya ƙare, shi ya sa maɗigar ta faɗa. Ba abin shafawa take so ba, abin sha take so."

Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe. Yaro ya ɗauki takalmi ya kai baki, ya tsotsi ƙasa, ga kunun da aka dama tun safe ƙudaje sun gama da shi. Daga nan zawon yake. Kuma ko da a ce haƙorin ne, ruwan da ke fita daga jikinsa zai fasa fita ne don an sa masa suna?

Ku kuma magidanta ban ƙyale ku ba. Ana cewa yaro na zawo sai ku tsaya kemis ku sayo kafso da Flagyl, a fasa a ɗura masa, a ci gaba da jiran haƙori. Yawancin zawon yara ba ya buƙatar waɗannan. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce haɗin gishiri da sukari na cikin leda, wato ORS, tare da ƙwayar zinc, su ne maganin.

Daga kashin farko mai ruwa:

- A wanke hannu da sabulu, a narka ORS a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikin ledar. In ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo.
- Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane kashi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba.
- Zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya. Ɗan ƙasa da wata 6 rabin ƙwaya.
- Nono da abinci kada a janye. Masu cewa a bar ciki ya huta, yunwa kuke ƙara masa.

In ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko kin ga jini a kashin, ko jikinsa ya saki, ki goyo shi ki taho ko da tsakar dare ne. Kada ki jira Malam ya dawo daga kasuwa. Malam, kai ma ka ba ta wannan izinin tun yau.

'Yan'uwana mata, na san hidimar gida da yawa, ga tsadar rayuwa. Faɗan nan da nake yi, na fi so in yi shi yaronki yana kan cinyarki yana wasa da ɗankwalinki. Tun 2022 aka sa rigakafin Rota, ƙwayar cutar da ke sa yara zawo, cikin rigakafin yara a Najeriya, ɗigo ne a baki, a sati 6 da 10 da 14, kuma kyauta ne. Duk wadda ba ta tabbata an ɗiga wa jaririnta ba, ta zo da katinsa ranar rigakafi mu duba tare.