Ma'anar Nod a Zanen 3D: Fatar da Lissafi Ke Saƙawa

Ka gina ƙofar ƙarfe a manhajar zanen 3D, sai ta fito toka-toka, sumul, ba ta da rai. Siffa ce kawai. Abin da zai sa ido ya yarda cewa ƙarfe ne shi masu sana'ar ke kira matiriyal, wato fatar da ake sa wa abu: launinsa, ƙyallinsa, kaushinsa, da yadda haske ke dawowa idan ya sauka a kansa.

Ana iya ɗauko hoton ƙarfe a naɗa wa ƙofar. Yana aiki, sai dai da ka matso da kyamara hoton zai farfashe, in kuma fili ne mai faɗi za ka ga zane ɗaya yana ta maimaita kansa. Hanya ta biyu, wadda ake ce wa furosijural, ba ta buƙatar hoto ko ɗaya. Lissafi ne ke fitar da zanen a kowane ɗigo na jikin abin, komai kusantarka.

A nan nod ke shigowa. Nod ɗan akwati ne mai aiki ɗaya tak. Yana karɓa ta ƙofofin hagu, ya fitar ta na dama, kai kuma ka ja waya ka haɗa shi da na gaba. A manhajar Blender haka ake jera su daga hagu zuwa dama har a ƙare a akwatin Material Output. Manhajojin Houdini da Unreal Engine da Substance Designer ma duk a kan wannan tunani suke.

Abin da na fi so mai koyo ya riƙe shi ne: lambobi ne ke bin wayoyin nan. Baƙi 0 ne, fari 1 ne, toka tana tsakani. Ɗauki tsatsa. Ka sa akwatin Noise Texture, ya ba ka dabbare-dabbare kamar gajimare. Ka bi da shi ta Color Ramp, ka matso da alamominsa biyu kusa da juna, sai gajimaren ya koma tabo masu kaifin baki. Yanzu ka ce inda yake fari tsatsa ce, inda yake baƙi ƙarfe ne. Wannan wayar ɗaya ka kai ta ƙofar nod mai kula da kaushin matiriyal, wurin tsatsa ya daina ƙyalli. Ka sake kai ta akwatin Bump, sai haske ya fara kama ƙurajen da ba a sassaƙa su ba. Ranar da mutum ya ga haka da idonsa, tsoron wayoyin ya tafi.

Dabbare-dabbaren nan suna da asali. Ken Perlin, Ba'amurke, ya yi aikin kwamfuta a fim ɗin Tron na 1982, kuma santsin zanen na'ura ya dame shi. A 1983 ya fito da lissafin da ke kwaikwayon rashin daidaiton halitta, aka ba shi lambar yabo ta Oscar ta fasaha a 1997. Shi kuwa akwatin Voronoi, mai fitar da zane irin na tsagaggiyar ƙasa ko fatar kada, sunan wani masanin lissafi ne, Georgy Voronoy.

Yana ba ni takaici in ga mai koyo ya kwafi akwati talatin daga bidiyo, abu ya yi kyau, amma bai san wace waya ce ta kawo kyan ba. Gara ya kunna Node Wrangler, wani ƙarin kayan aiki da ke cikin Blender, ya danne Ctrl da Shift, ya latsa akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana kallon abin da kowanne ke fitarwa.

Sai dai lissafi mai yawa yana sa kwamfuta ta yi nauyi, kuma tsarin da ka haɗa a Blender ba zai buɗe kai tsaye a injin wasa ba, wato manhajar da ake gina wasan kwamfuta da ita. Dole ka gasa shi, wato ka sa manhajar ta mayar da lissafin hoto, kafin ka fita da shi.