Waiwaye: Yadda Shaidar DNA Ta Haɗe Kuka, Goro da Auduga a Dangi Guda

Wanda ya buɗe littafin ilimin tsirrai da aka buga kafin 1998 zai tarar da auduga da kuɓewa da rama a dangin Malvaceae, kuka da rimi a Bombacaceae, goro da koko (wanda ake yin cakulan da shi) a Sterculiaceae, lalo da dargaza kuma a Tiliaceae. A yau duk waɗannan suna ƙarƙashin suna ɗaya, wato Malvaceae, dangin da ya ƙunshi nau'o'i fiye da 4,000.

Asalin sunan yana komawa ne ga masanin tsirrai ɗan Faransa, Antoine-Laurent de Jussieu, wanda ya kasa tsirrai dangi-dangi a 1789 bisa kamannin da ido ke iya gani. Waɗanda suka biyo bayansa sun ci gaba da dogara da siffar fure da ganye da 'ya'ya, har zuwa tsarin Arthur Cronquist na 1981, wanda ya bar dangogin huɗu a rarrabe. Sai dai tun a lokacin masana sun san katangar da ke tsakaninsu ba ta da ƙwari. Idan mutum ya duba furen auduga da kyau, zai ga zaruruwan da ke ɗauke da garin fure sun manne da juna sun zama kamar bututu a tsakiya, kuma haka zai gani a furen kuka, ga yauƙi da 'yan gashi masu siffar tauraro da ake samu a yawancinsu. Wasu tsirran ma sun sha ƙaura daga wannan dangi zuwa wancan, gwargwadon alamar da marubuci ya fi bai wa muhimmanci.

Al'amarin ya ɗauki sabon salo a 1993, lokacin da Mark Chase da abokan aikinsa suka kwatanta jerin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, na wata ƙwayar gado mai suna rbcL a tsirrai kusan 500. Wannan ƙwaya tana cikin sashen da ke bai wa ganye launin kore, kuma tana sauyawa ne sannu a hankali, shi ya sa ta dace da bin diddigin zumunta mai nisa. A kan irin wannan shaida ƙungiyar masana zumuntar tsirrai masu fure da ake kira APG (Angiosperm Phylogeny Group) ta fitar da sabon tsari a 1998, sannan a 1999 Clemens Bayer da abokansa suka raba babban dangin zuwa rassa tara.

Abin da ya rushe tsohon tsarin shi ne ƙa'idar cewa dangi na gaskiya dole ya ƙunshi kaka guda da dukkan zuriyarsa, ba a bar wasu a waje ba. Uku daga cikin dangogin huɗu sun kasa cika wannan sharaɗi. Misalin goro da koko ya isa: an daɗe ana ɗaukar su 'yan ɗaki ɗaya, amma DNA ta nuna koko ya fi kusa da lalo, goro kuwa ya fi kusa da kuka da auduga. A ganina wannan ne mafi ban mamaki a dukan sauyin, domin su biyun nan ne fitattun tsirran da aka san Sterculiaceae da su.

Ba kowa ne ya yarda da haɗewar ba. Martin Cheek na lambun bincike na Kew da ke Ingila ya zaɓi a tsaga tsirran zuwa ƙananan dangogi goma, kuma hakan bai saɓa wa shaidar ba, tunda DNA tana nuna yadda rassa suka rabu ne kawai, ba ta faɗin reshen da za a kira dangi. Wannan hukunci ne na masana, kuma mafi yawansu sun bi APG, wadda ta riƙe dangin a haɗe a bitar da ta yi a 2003 da 2009 da 2016.