Daga shagon shayi na Landan zuwa POS ɗin Kwari: yadda littafin ɗan kasuwa ya koma kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a shagon atamfa a Kantin Kwari ya san littafin nan mai kaurin bango da maigida ke kullewa a aljihun tebur. A ciki ake rubuta dila nawa ta shigo, turmi nawa ya fita, wa ya ɗauki kaya bashi, me ya rage a sito. Yaron shago ne ke rubutawa. Da la'asar maigida ya buɗe ya haɗa lissafi, nan take ya san abin da zai saro gobe da wanda za a aika wa a karɓo kuɗi. Abin da masana ke kira tsarin sarrafa bayanai bai wuce wannan ba: a tattara labari, a tace shi, a adana, a miƙa wa mai yanke shawara kafin lokaci ya ƙure masa. Akwai mutane a ciki, akwai ƙa'idar aiki, akwai bayanan kansu. Na'ura ce 'yar autarsu.

Gwamnati ce ta fara jin nauyin lissafi ya fi ƙarfin alƙalami. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ci kusan shekara takwas ana haɗa ta, shi ya sa a ta 1890 aka ɗauki injin Herman Hollerith mai karanta kati da aka huda. Kamfaninsa ya haɗe da wasu a 1911, kuma a 1924 aka raɗa wa haɗakar suna IBM.

Amma wanda ya fara sa kwamfuta aikin ofis na yau da kullum ba banki ba ne, ba kuma gidan soja ba. Mai shayi ne. Kamfanin J. Lyons and Co. na Landan a wancan zamani yana da shagunan shayi sama da 200 a Ingila, da katafaren gidan burodi a Cadby Hall inda ake gasa burodi da kek a rarraba musu. Ribar da ke kan kowane kofi da kowane yankin kek ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kayan kuma ba sa kwana. In an kai wa shago da yawa, asara. In an kai kaɗan, mai saye ya juya. Saboda haka Lyons ya tara akawu ɗaruruwa, aikinsu ke nan daga safe zuwa yamma, haɗa rasit da ƙirga kwabbai.

A 1947 kamfanin ya tura ma'aikatansa biyu, Oliver Standingford da Raymond Thompson, zuwa Amurka su ga sababbin dabarun ofis. A can suka ji labarin kwamfuta, suka kuma ji cewa a gida, a Jami'ar Kambirij, Maurice Wilkes na ƙera wata mai suna EDSAC. Ga kura a bakin ƙofa ana neman sawu a daji. Lyons ya ba jami'ar fam 3,000, da na'urar ta yi aiki a 1949 sai ya sa injiniya John Pinkerton ya ƙera masa tasa. Sunanta LEO, ta cika ɗaki guda, tana da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo kusan 6,000. A watan Nuwamba na 1951 ta fara lissafa kuɗin da ake kashewa wajen gasa kayan kowane mako. A 1954 ta karɓi biyan albashi: takardar ma'aikaci ɗaya da gwanin akawu ke yi cikin minti takwas, ita tana fitar da ita cikin daƙiƙa ɗaya da rabi.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba saurin ba ne, yadda suka tsara odar shagunan ne. Wani ma'aikacin Lyons, David Caminer, da abokan aikinsa sun zauna sun nazarci yadda matan da ke riƙe da shagunan ke yin oda, suka ga yawancin kaya kullum kusan adadi ɗaya ake nema. Sai aka ajiye wa kowane shago tsayayyar oda a cikin na'ura. Da rana ta yi, shugabar shago ta buga waya ta faɗi abin da ya canza kaɗai, a ƙara mata wannan, a rage wancan. Kafin gari ya waye an gasa, an ɗaure, an loda a mota. Wato sai da suka gyara hanyar aikin tukuna suka ɗora ta a kan inji, darasin da har yau ofisoshi da yawa ke tsallakewa, su sayi kwamfuta su zuba mata tsohon hargitsi.

Daga nan abin ya bazu. Kamfanin jiragen American Airlines da IBM suka gina tsarin kwamfuta mai suna SABRE, wanda zuwa 1964 ya sa mai sayar da tikiti a kowane gari yana ganin kujerun da suka rage a jirgi nan take. A 1972 wasu tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa kamfanin manhaja SAP a Jamus, da nufin sito da ofishin kuɗi da na ciniki su riƙa karanta littafi ɗaya. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, aka haska layukan nan baƙi da fari da ke jikin fakitin cingam na Wrigley's, na'ura ta karanta farashi. Tun daga ranar, ciniki da kansa yake rubuta kansa.

A Najeriya ta ƙofar banki abin ya shigo kasuwa. NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ta fara tura kuɗi nan take a 2011, lambar BVN ta biyo baya a 2014. 'Yan kasuwa da dama ba su damu ba, hannu da hannu suka sani. Sai Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023. A watannin nan mai nama da mai kayan miya suka koyi jiran alat, kowa kuma ya san ma'anar "babu netiwok": an cire kuɗi a asusun mai saye, ba su iso ga mai kaya ba, ana tsaye ana kallon waya. Manhajojin bankuna da yawa sun kasa ɗaukar cunkoson, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka kwashi jama'a.

Yanzu a Kwari za ka tarar da POS a kan tebur, tana riƙe da lissafin kowane kwabo da ya shiga da sa'ar da ya shiga. Littafin yana nan a gefenta. Na'urar ta san wanda ya biya, amma dilolin da aka ba ɗan Agadas sai ya dawo bayan Sallah, har yanzu yaron shago ne ke rubuta su da biro.