Tambayoyin da kuke ta maimaita mini a kan WildFly

'Yan'uwa masu koyon aikin saba (server) a Agege da Idi-Araba, da masu tashi da asuba su kama motar Yaba, tambayoyinku ba sa canzawa. Ga amsoshin wuri guda. Ku sani tun yanzu, saitin da WildFly, wato sabar da ake ɗora manhajojin Java a kanta, ya zo da shi na gwaji ne a kan kwamfutarka, ba a shirya shi don riƙe kuɗin mutane ko bayanansu ba.

Na buɗe ƙofa 9990 ga intanet don in riƙa shiga daga gida. Da matsala?

Je ka rufe ta, sannan ka dawo ka ƙarasa karatun. Ta 9990 ake gudanar da sabar gaba ɗaya, duk wanda ya shige ta zai iya ɗora manhajar da ya ga dama. Da gangan aka ɗaure ta a 127.0.0.1, wato daga kan kwamfutar kanta kaɗai ake shiga. A 2016 masu kutsen SamSam ta tsofaffin sabobin JBoss (tsohon sunan WildFly) da aka bari babu gyara suka riƙa shiga, har da na asibitoci a Amurka, suna kulle bayanai suna neman kuɗin fansa. In dole sai ka shiga daga nesa, bi ta tsararriyar hanya, SSH ko VPN. Kalmar sirrin da ka sa a add-user.sh, inda ake buɗe asusun mai gudanarwa, kuma kada ta zama sunan shagonku.

JBoss ne ko WildFly? Kuma kyauta ne?

Tushensu ɗaya. Marc Fleury ya fara JBoss a 1999, Red Hat ta saye shi a 2006, aka sauya wa na kyautan suna zuwa WildFly a 2013. JBoss EAP shi ne na kuɗi mai tallafin kamfani.

Na kunna, abokin aikina ya kasa shiga manhajar ta ƙofa 8080.

Kunna sabar da `standalone.sh -b 0.0.0.0`, don wasu kwamfutoci su iya shigowa. Kada ka taɓa `-bmanagement`, shi ne mai buɗe 9990.

Standalone ko domain?

Domain na gudanar da sabobi da yawa daga wuri guda ne. Saba nawa gare ka? Ɗaya? Standalone.

Na gyara fayil ɗin saiti, standalone.xml, gyaran ya ɓace.

Sabar tana aiki ka gyara, ita kuma ta rubuta nata a kan naka. Kashe ta kafin ka taɓa fayil ɗin, ko ka koyi jboss-cli.sh, wanda shi ne hanyar da ta dace. Kwantar da hankalinka, ƙanena, in ka ɓata saitin akwai tsofaffin kwafi a standalone_xml_history.

Mun kashe mun kunna, bayanan kwastomomi duk sun tafi.

Haba. ExampleDS kuka yi amfani da shi, ko ba haka ba? Wannan rumbun bayanai ne na gwaji, H2, da ke zaune a memori, da an kashe ya shafe. Ba su dawowa. Ku kafa PostgreSQL ko MySQL, ku roƙi Allah ya sa akwai takardun da za a sake shigarwa.

Duk sanda aka ɗauke wuta ko layin intanet ya yanke ya dawo, manhajar sai ta sandare har mu sake kunna sabar. Me za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba zan yanke hukunci ban ga server.log ɗinku ba, don cuta uku ne ke zuwa da alama iri ɗaya.

WildFly ba ya buɗe sabon layi zuwa rumbun bayanai a kan kowace buƙata. Yana buɗe wasu layuka ya ajiye, yana ba manhajar aro, kamar guga a bakin rijiyar unguwa: ka ɗiba, ka mayar. A saitin asali ba sa wuce 20.

Na farko, mafi yawan lokaci ga abin da ke faruwa. Sabarku tana kan inbata, ba ta mutu ba, amma na'urar da ta haɗa ta da rumbun bayanan ta mutu a 'yan daƙiƙun da ake jiran janareto ya ɗauka. Layukan da aka ajiye sun riga sun mutu, WildFly bai sani ba, yana ta miƙa su. Wanda rumbunsa ke ƙasar waje ya fi kowa sanin wannan, musamman ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Maganin shi ne a sa WildFly ya riƙa gwada layi kafin ya yarda da shi. Ka ba shi `check-valid-connection-sql` da `select 1`, sannan ka zaɓi ɗaya. `validate-on-match` yana gwadawa duk lokacin da za a ba da aro, ya fi tabbas, amma yana ƙara wa rumbun ɗan nauyi. `background-validation` yana zagayawa lokaci-lokaci, ya fi sauƙi, sai dai tsakanin zagaye biyu mataccen layi zai iya sulalewa. Ga ƙaramin kamfani a Legas, da irin wutarmu, ni na farkon nake zaɓa. Kada ka kunna duka biyun.

To amma ko wannan ba lallai ya wadatar ba. Idan katangar tsaro (firewall) ce ta yar da layin shiru ba ta sanar da kowa ba, shi kansa gwajin zai iya tsayawa yana jiran amsar da ba za ta zo ba. A PostgreSQL sai ka ƙara `socketTimeout`, wato iyakar lokacin jiran amsa, a adireshin haɗin, amma da lissafi, don in ka gajarta shi da yawa zai datse rahoton ƙarshen wata da dama can yake ɗaukar lokaci.

Na biyu, mai yiwuwa wutar ba ta da laifi. Idan ka ga lambar kuskure IJ000655 a log, layukan ne suka ƙare: manhajar ta jira daƙiƙa 30 ba ta samu ko ɗaya ba. Sau da yawa mai rubuta manhajar ne ke ɗauka bai mayar ba, musamman in kuskure ya faru a tsakiyar aiki, shi ya sa abin ke bayyana bayan yankewar layi. Kunna `debug` na cached-connection-manager a sabar gwaji, zai nuna maka inda aka bar layi a buɗe. Na san abin da za ka yi, za ka mayar da 20 ta koma 200. Kada ka soma. PostgreSQL a saitinsa na asali 100 yake karɓa, kuma yoyon yana nan, ka dai jinkirta faɗuwar zuwa bayan la'asar.

Na uku, in safiya kawai abin ke faruwa kuma MySQL ne, shi yana yanke layin da ya yi awa 8 babu aiki. Gwajin layi da na faɗa a sama yana magance shi.

Kashewa da kunnawa yana ɓoye duka ukun. Kafin ka sake yi, kwafe log ɗin.

OutOfMemoryError fa, alhali RAM ɗina 16GB?

Java bai san ka ba shi ba. A standalone.conf an rubuta `-Xmx512m`, wato an ƙayyade masa 512MB. Ɗaga shi, amma ka bar wa Linux da rumbun bayanan rabonsu.

Manhajar da ke aiki a tsohon WildFly ta ƙi hawa sabo.

Ƙanwata, ba ke kika ɓata ba. Oracle ta miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse a 2017, daga baya sunayen Java EE da ke farawa da `javax` suka koma `jakarta`, kuma daga WildFly 27 na 2022 tsoffin ba sa aiki. Buɗe fayil mai ƙarewa da `.failed` a cikin deployments, ki nemi "Caused by" na ƙarshe. Zama a kan WildFly 26 dabara ce ta ɗan lokaci, a gyara manhajar.

Zan iya kunna WildFly da root, asusun Linux mai cikakken iko?

A'a. Buɗe masa asusunsa daban, ka sa shi ƙarƙashin systemd, mai tayar da manhajoji idan Linux ya tashi, yadda in wuta ta dawo ƙarfe uku na dare zai tashi da kansa, ba sai ka taso daga Mile 12 ba.