Mawaƙan da masoya ke cewa "da ma na ga wasansu": tambayoyi da amsoshi

Waɗanne mawaƙa aka fi takaicin rashin ganinsu a dandamali?

Galibi waɗanda ajali ya riska suna tsakiyar tashe. Jimi Hendrix ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Bob Marley ya yi wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ta Amurka ranar 23 ga Satumba, 1980, ya rasu a watan Mayun 1981. Rabon marigayi Freddie Mercury da yin wasa a dandamali tare da ƙungiyarsa ta Queen tun 9 ga Agusta, 1986, a Knebworth ta Ingila. Na Michael Jackson ya fi ciwo: an sayar da tikitin wasanni 50 a Landan, ya rasu a Yunin 2009 ba a yi ko ɗaya ba.

Tunda faifansu na nan, me aka rasa?

An rasa abin da faifai ba ya iya ɗauka. Tsohon faifan garmaho minti uku yake ci a kowace fuska, babban faifan da ya biyo bayansa kuma minti 20 da ɗoriya. Dole mawaƙi ya datse waƙarsa ta shiga wannan ma'auni.

A ɗauki Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. Takan yi wasa ranar Alhamis ta farkon wata, rediyo na watsawa, kuma waƙa biyu ko uku sukan cinye daren. Baiti ɗaya za ta maimaita sau da dama, kowane maimaici da irin karin muryarsa, gwargwadon yadda jama'a suka roƙa. Fela Kuti kuwa an san shi da barin rera waƙa a wasa da zarar ya naɗe ta a faifai, don haka wanda ya je gidan rawarsa na Shrine a Legas sabon abu yake ji tun bai fita kasuwa ba. Haka Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: nan take yake ƙirƙirar baiti, ya ambaci wanda ya gani a wurin, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu su bi shi. Irin wannan waƙar, in ba a naɗa ba a daren, ta tafi ke nan.

Ke nan sautin wasannin da ya fi na faifai daɗi?

Sau da yawa a'a. A 1965 ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles sun yi wasa a filin Shea na New York gaban mutum sama da 55,000, da na'urorin ƙara sautin jita masu wat 100 kacal. Babu lasifikar da ke fuskantar makaɗa don su ji kansu, ihun 'yan kallo ya danne komai, har mai ganga sai ya kalli motsin 'yan uwansa ya gane inda aka kai. Wannan na cikin dalilan da suka sa suka daina yawon wasa bayan 29 ga Agusta, 1966. Wanda ya halarta ya ga tarihi, amma kiɗan bai ji sosai ba.

Masu kwaikwayo da hoton haske na mamaci fa?

Suna rage zafi. Sai dai hoton marigayi Tupac, mawaƙin Amurka, da aka nuna a bikin kiɗa na Coachella a 2012 bidiyo ne da aka haska ta jikin shamaki mai ɗaukar ido, an tsara komai tun kafin ranar. Ba ya jin 'yan kallo, balle ya sauya baiti dominsu.

To wane naɗi ne ya fi kusa da zama a wurin?

Iri uku ne, kuma kowanne da aibinsa. Akwai wanda aka ɗauko kai tsaye daga na'urar haɗa sauti: murya tar, amma jama'a kamar ba sa nan, ganga kuma kan yi rauni saboda a ƙaramin zaure ba a cika sa mata makirufo ba. Akwai na ɗan kallo da rikodarsa: yana kama amsawar taro da amon wurin, sai dai surutun na kusa da shi kan shiga. Na ukun shi ne wanda kamfani ya fitar. Ya fi tsafta, amma akan koma sitidiyo a gyara kuskure, ko a harhaɗa dare biyu zuwa uku a ce wasa ɗaya ne. A ra'ayinmu, naɗin gidan rediyo ko talabijin na cikakken wasa shi ne abin nema.

Kafin ka amince da naɗi, duba ko an rubuta rana da wuri. Saurari tsakanin waƙa da waƙa: in tafi ya yanke farat ɗaya, an yi ɗinki. Sannan ka gwada muryar da ta faifan sitidiyo. In ta yi siriri fiye da kima, kaset ɗin ne ya yi gudu, domin ƙarin saurin kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya da rabin mataki, kuma manhajar gyaran sauti na iya mayar da shi daidai. Shuuu ɗin da ke ƙarƙashin kiɗa kuwa alamar kwafi ne a kan kwafi, don kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana ƙara hayaniya yana cinye siraran sautuka. Nan sai dai a nemi kwafin da ya fi kusa da na asali.