Launuka a Sunayen Cututtuka na Ingilishi

Sunayen cututtuka da dama a Ingilishi launi ne asalinsu, domin likitocin da suka raɗa su da ido suke gane cuta, tun ba a san gwajin jini ba. Akasarinsu aro ne daga Girkanci, Latin ko Faransanci.

Jaundice, wato shawara, ta fito daga jaunisse ta tsohon Faransanci, tushenta jaune, rawaya. Sinadarin bilirubin ke jawo launin idan ya taru a jini, ko don hanta ta gaza, ko hanyar matsarmama ta toshe, ko jajayen ƙwayoyin jini na fashewa fiye da ƙima. Farin ido kan fara rinewa idan sinadarin ya kai kusan miligiram 3 a kowace desilitar jini. Rubella kuwa, cutar ƙuraje mai kama da ƙyanda, Latin ce, ma'anarta ja-ja. Likitan sojan Birtaniya Henry Veale ya ba ta sunan a 1866. Anthrax, cutar dabbobi da kan kama mutane, gawayi ne da Girkanci, saboda baƙin ɓawon da kan rufe gyambonta.

Wasu launukan a cikin jiki suke, ba a fata ba. Likitan Jamus Rudolf Virchow ya ƙirƙiro sunan leukaemia, wato sankarar jini, a 1847 daga leukos, fari, da haima, jini, bayan ya ga jinin da fararen ƙwayoyi suka cika. Polio, shan inna, gajarcen poliomyelitis ne: polios ruwan toka, myelos ɓargo, don ƙwayar cutar sashen laka mai ruwan toka take lalatawa, daga nan gaɓa ta shanye. Cirrhosis, wata cutar hanta, likitan Faransa René Laennec ya raɗa mata suna a 1819 daga kirrhos, rawaya mai ja-ja, launin hantar da ya gani a gawa. Sunan nan bai kama ainihin cutar ba, domin tabo ne ke taurara hantar.

Inda sunayen ke yaudara shi ne a baƙar fata, tunda a jikin Turawa aka fara siffanta alamomin. Cyanosis, daga kyanos, shuɗi mai duhu, alamar ƙarancin iskar oksijin ce a jini, amma a baƙin mutum ta fi bayyana toka-toka, kuma a leɓe, harshe, dasashi da ƙarƙashin farce ake nemanta. Ƙurajen rubella ma ba lalle su yi ja ba. Sau da yawa da taɓi ake jin kaushinsu. Jariri mai shawara a duba farin idonsa da dasashinsa cikin hasken rana, domin fitilar ɗaki kan ɓoye rawayar.