Ma'anar "kat-of": maki 150 tayi ne, ba a kai ga sallama ba

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta tashi daga taronta da shugabannin manyan makarantu, kalma ɗaya ce ke cika gari: kat-of. A rediyo kat-of, a majalisar bakin masallaci a Agege kat-of, a zauren WhatsApp na iyayen yara kat-of. Ranar da aka yi taron 2025 ina maƙale cikin gosulo a hanyar Ikorodu, na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa an tsayar da 150 a matsayin "makin cin jarrabawa", wai duk yaron da ya samu hakan ya shiga jami'a ke nan. Saura kaɗan in yi masa tsawa ta cikin rediyon, sai na tuna ba ji zai yi ba.

Kalmar Turanci ce, ma'anarta wurin da aka datse. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a tambaya shi ne: me ake datsewa, kuma a hannun wa wuƙar take?

Layi ake datsewa. Jarrabawar da JAMB ke shiryawa ba ta da ci, ba ta da faɗuwa. Darussa huɗu ne, kowanne maki 100, jimla 400, kuma aikinta kawai ta jera yara daga na gaba zuwa na baya, don kujeru ba su kai yawan masu nema ba. Shi ya sa sakamakon ba ya kwana biyu: na bana na bana ne, baɗi sai ka sake shiga sabon layi. Ita WAEC ko NECO shaida ce da za ka riƙe har tsufanka. Amma a 2025, da aka ce cikin yara kusan miliyan biyu sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, jaridu da yawa suka buga cewa sun "faɗi". Aka zo aka gano matsalar na'ura ta shafi yara 379,997, fiye da rabinsu a nan Legas, har shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Da aka kwana biyu, bakin da ya ce wanda bai kai 200 ba ya faɗi, shi ne kuma ya dawo yana cewa mai 150 ya ci. To yaron da ya samu 170 fa, ya ci ne ko ya faɗi? Ba wanda ya tsaya ya warware.

Lambar da ake sanarwa bayan taron nan ƙasa ce, wato dabe. Jami'o'i ne da kansu ke zuwa kowacce da makin da take so, a tattauna, a amince cewa kada wata ta sauko ƙasa da kaza. A 2017 an tsaya a 120, aka yi ta surutu. A 2019 ya koma 160. Daga 2022 zuwa 2024 yana 140, a 2025 ya zama 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Babu inda aka ce jami'a ta ɗauki mai 150. An dai ce kada ta ɗauki mai 149.

Shekaru na yi ina koyar da darasin gudanarwa, amma wanda ya fi fahimtar da ni yadda zan bayyana wannan magana dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, kuma shi bai san ya koya mini ba. Wata Asabar ya zo gidana da ɗansa, riƙe da takardar sakamako a cikin leda, an naɗe ta kamar takardar fili. Bayan mun gaisa ya miƙo mini.

"Malam, yaronka ne ya yi abin kai. 214. An ce kat-of 150 ne, ka ga ya wuce da 64. Likita muke so, a nan Akoka."

Yaron yana tsugune gefen tabarma, kansa a sunkuye. Na lura shi ya riga ya san abin da zan faɗa.

Na ce, "Alhaji, kwandon tumatir nawa ne yau?" Ya faɗa. Na ce, "Watan jiya fa?" Ya yi dariya ya ce ai ba a haɗawa, watan jiya motoci ba su sauko daga Kano da Zariya ba, kaya sun yi wuta. Na ce to wa ya yanka kuɗin, shugaban kasuwa? Ya ce haba Malam, kasuwa ce ke yanka kuɗinta: in tireloli goma suka shigo da asuba, dole ka sallama da araha kafin rana ta yi, kaya su ruɓe a hannunka, in biyu suka shigo, mai saye ne zai riƙa bin ka yana ranka ya daɗe.

Na ce to ka gama bayanin kat-of da bakinka. 150 ɗin nan shi ne kuɗin da in aka taya ƙasa da shi ko "albarka" ba za ka ce ba, kau da kai za ka yi. An taya ne kawai. Sallama kuwa sai an ga kwanduna nawa ne a ƙasa, masu saye nawa ne a tsaye.

Sai muka ɗauki biro. Jami'ar Legas da ke Akoka ba ta ma kiran yaro tantancewa sai ya kai 200. Wannan shi ne kat-of na biyu, ƙofar zaure ce. Bayan nan takan haɗa lissafi bisa 100: makin JAMB ya ɗauki 50, jarrabawar tantancewa ta jami'ar 30, sakamakon sakandare 20. Ana raba makin JAMB gida takwas, don haka 214 ya koma 26.75. Na ce Alhaji, mu ƙaddara yaron nan ya cinye tantancewa kaf, 30 cif, kuma A1 ya jera a darussa biyar, 20 cif. Nawa ke nan? Shi da lissafin kai ba a kama shi, kafin in rufe baki ya ce 76.75. Na ce masu shiga likitanci a layin cancanta a can sukan kai 80 ko su haura. Ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar.

Wannan na uku shi ne kat-of na gaskiya, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne ba wanda ya san shi sai bayan an gama. Ba a ajiye shi tun farko kamar sandar tsalle. Sashe yana da kujeru ƙidayayyu, a likitanci ma majalisar kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. A jera masu nema, a ƙirga har kujeru su ƙare, makin wanda ya zauna a ta ƙarshe shi ne kat-of. Kenan ba mizanin ƙwaƙwalwar da aikin likita ke buƙata ba ne, farashin kujera ne a wannan shekarar. Duk mai sayar maka da "kat-of ɗin bana" a shagon intanet kafin jami'a ta gama lissafinta, na bara yake sayar maka, ko kuma na cikin kansa.

'Yan siyasa da masu sharhi su kuma sun ɗauki kalmar sun mai da ita sanda. Za ka ji ana cewa JAMB ta ba 'yan Arewa kat-of ɗinsu daban. JAMB ba ta da maki jiha-jiha; a jarrabawar shiga sakandaren gwamnatin tarayya ne aka saba ganin wannan. Abin da ke akwai a jami'o'in tarayya rabon kujeru ne: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lasafta a baya wajen karatun boko. Kowane kaso da layinsa, don haka kowanne da inda aka datse shi. A Akoka, kaso na biyu na Legas ne da Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Yaron da aka yanke wa cibiya a Agege, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, in takardar asalinsa ta ce Jigawa, to in bai samu shiga ta layin cancanta ba, a layi na uku zai tsaya, tare da 'yan Ebonyi da Bayelsa, don su ma suna cikin jerin. Ba na jin kunyar kason nan, kuma ina ganin wauta ce yaranmu su bar shi ya wuce su saboda ba wanda ya gaya musu. Sai dai in faɗi gaskiya, ɗan da aka yi tsarin dominsa yana can ƙauyen da babu malamin lissafi, ba ɗan dillalin da ya yi makarantar kuɗi a Ketu ba. Wannan wata magana ce ta wata rana.

Ɓarnar da ta fi zafi a wurina ita ce yadda kat-of ya koma ma'aunin darajar sana'a. Kwas mai tsadar maki shi ne na masu kai, mai araha na 'yan cike gurbi. A ajina na farkon shekara nakan ce wanda ya zaɓi gudanarwa da kansa ya ɗaga hannu. Hannuwan ba sa yawa. Sauran lauya suka nema ko akanta, layi ya datse a gabansu, suka shigo mini da fuskar wanda aka yi wa auren dole. Wasu sai sun kai aji uku suke gane cewa asibitin da suka so shiga ma wani ne ke tsara masa kasafi da albashi da sayen magani. Wasu kuma su ƙi shigowa sam, su zauna a gida shekara uku suna sake JAMB, suna jiran kasuwa ta faɗi. Kasuwar likitanci kuwa ban taɓa ganin ta yi kwantai ba.

Alhaji ya mayar da takardar cikin ledarta. Ya tambaye ni nawa ake biya a canza kwas, na ce abin ba shi da tsada, a cibiyoyin da JAMB ta amince da su ake yi, amma a fara tambayar mai karatun. A nan yaron ya ɗago kai karo na farko, ya ce shi dama harkar sufuri da dakon kaya yake so, yana ganin yadda tumatir ke lalacewa a mota tsakanin Jebba da Ibadan. Uban ya dube shi sheƙeƙe, ya ce, "Wato direba."

Na ce a'a, Alhaji, mai gidan direbobi. Bai ce komai ba, amma da zai tafi ya bar takardar a wurina, ya ce ranar Litinin yaro zai dawo.